Bangon Bayan Murhu Da Dukiyar Da Muke Zubarwa A Juji

Duk wanda ya saba zagaya rukunin gidajen da ke tsirowa a Lokogoma, Lugbe, Karsana ko bayan Gwarinpa ya san yadda ake raba kuɗin gini a Abuja. Falo ne ke kwashe kaso mafi tsoka: silin mai hawa-hawa, fitilu masu launi, da tayil mai faɗi da ke ƙyalli kamar madubi. Ɗakin maigida ya biyo baya, sannan ƙofar shiga gida da katanga. Kicin kuwa sai abin da ya rage a aljihu. A mafi yawan lokuta akan liƙa masa farin tayil mafi araha a kasuwa, wani lokacin ma fenti kawai ake shafawa a miƙa makulli. Kafin shekara ta zagayo, tururi da maiƙo da tartsatsin manja sun mayar da bangon da ke bayan murhu abin da uwargida ke jin kunyar baƙo ya gani.

Wannan ɗan yankin bango, wanda ke tsakanin teburin girki da kabad ɗin sama, tsayinsa bai cika wuce santimita 45 zuwa 60 ba. Idan kicin na da tsawon mita 3, duka faɗin wurin bai kai murabba'in mita 2 ba. Amma babu wani bango a gida da ke shan wuta da ruwa da mai kamarsa, kuma babu wanda mace mai girki ke fuskanta na tsawon sa'o'i a kowace rana kamarsa. Ra'ayina shi ne wannan wuri ya cancanci ado, adon kuma ya kamata ya zama namu, an yi shi da hannun 'ya'yanmu, da kayan da muke da su jibge a kowane wurin gini. Ina nufin jera gutsattsarin tayil masu launi daban-daban a fitar da zane, abin da Turawa ke kira mozayik. Za a ce maganar ƙarama ce. Amma a cikinta akwai maganar darajar mace a gidanta, da maganar sana'ar matasa, da maganar ko birnin da muka gina a tsakiyar ƙasa yana da wata kama tasa ta kansa.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu

Kuskuren farko da ake yi shi ne ɗaukar wannan ado a matsayin abin da aka kwaikwayo daga Instagram. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa bango ba don tare iska kawai aka yi shi ba. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarki Abdulkarimu, ko ya zagaya Gidan Makama a Kano, ko ya bi lungunan Birni a Damagaram, ya ga yadda magina ke sarrafa laka su fitar da dagi da sauran zane-zane a fuskar gida da cikin soro. A tsofaffin soraye, a daidai inda bakan gizo ke haɗuwa a ƙololuwar rufi, sau da yawa akan dasa farantin tagulla ko na tangaran ya zama kamar idon ɗaki. Maƙwabtanmu Nufawa a Bida sun shahara da dasa faranta da gutsattsarin tukwane a jikin gini. A Ile-Ife kuwa masu binciken kayan tarihi sun tono daɓen tsingaro da aka jera shi a kan gefensa cikin tsari, mai ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin ƙasa.

Mata ma suna da nasu fagen. Daɓe aikinsu ne: su taru da madaɓai, su buge ƙasa da tsakuwa, su shafe da ruwan makuba har ɗaki ya yi santsi. Jere kuma, wato shirya kwanuka da langa da fanteka da tasoshi a ɗakin amarya tun daga ƙasa har kusa da rufi, ba komai ba ne illa tsara launi da siffa a jikin bango. Matar da ta iya jere ta san inda ja zai zauna kusa da shuɗi bai yi faɗa da shi ba, ta san yadda ake maimaita abu ɗaya har ya zama zane. Idon da ke wannan aikin shi ne idon da mozayik ke buƙata. Abin da ya canja kawai shi ne kayan aiki: ƙasa ta koma siminti, kwano ya koma tayil. Mu ne muka kasa ɗauke basirar daga tsohon gini mu shigar da ita sabo.

A Abuja wannan sakaci ya fi zafi, domin ƙasar da aka gina birnin a kanta ƙasar maginan tukwane ce. A juya takardar naira 20. A gefe ɗaya akwai Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta kafa Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976. A ɗaya gefen akwai Ladi Kwali tana gina tulu. An haife ta a Kwali wajen shekarar 1925, ta koyi ginin tukwane irin na matan Gbagyi, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa adana ayyukanta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko a wurin. A can aka haɗa zanenta na ƙadangare da kunama da kifi da sabuwar dabarar gasa yumɓu da wuta mai tsanani da shafa masa ruwan ƙyalli. An nuna ayyukanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Har yau ana gina tukwane a Ushafa, ƙauyen da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, ana yi a Bwari, ana yi a Giri.

Darasin Ladi Kwali shi ne tsohon zane na iya hawa sabon kayan aiki ba tare da ya rasa kansa ba. Mun sa hotonta a kuɗi, mun sa sunanta a titi a Wuse, amma a shiga gidaje ɗari a birnin nan, da wuya a sami guda da ke da tayil ko da ɗaya wanda aka gasa daga yumɓun Kwali.

Abin da wasu suka yi da nasu

Maroko ba ta bar nata ya mutu ba. A birnin Fas, makarantun Attarin da Bu Inaniya da aka gina a ƙarni na 14 suna nan da bangayensu na zallij, wato ƙananan tayil da ake sassaƙawa da hannu a jera su su ba da taurari da sarƙaƙƙun layuka. Sana'ar ba ta tsaya a gidan tarihi ba. Da aka tashi gina Masallacin Hassan na Biyu a Kasablanka, wanda aka kammala a 1993, dubban masu sana'ar hannu na ƙasar aka ɗauka. A yau masu kuɗi a Turai da Amurka na sayen zallij don bangon kicin ɗinsu da tsada, wasu attajiran Maitama da Asokoro ma daga can suke yin oda.

Misalin Basalona a ƙasar Sifaniya ya fi kusa da batunmu. A lambun Park Güell, wanda aka gina tsakanin 1900 da 1914, Antoni Gaudí da mataimakinsa Josep Maria Jujol sun lulluɓe dogon benci mai lanƙwasa da fasassun tayil da faranta, da yawansu rarar da masana'antu suka zubar. Abin da aka tsinto daga shara ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1984, kuma a yau sai mutum ya sayi tikiti kafin ya je ya zauna a kansa. A nan gida ma ba a rasa magabata ba: Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban zane na Zariya da suka yi suna a ƙarshen shekarun 1950, ya bar ayyukan mozayik a gine-ginen Legas, haka Jimoh Buraimoh na Osogbo.

Tayil na shigowa, sana'a na fita

A je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a ga yadda tayil ke tafiya. Akwai na Sin, musamman daga Foshan, akwai na Indiya daga Morbi, akwai na Sifaniya da Italiya ga mai ƙarfi, akwai kuma na gida da masana'antun Ajaokuta da na Jihar Ogun ke bugawa. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa tayil cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa masu shigo da su kuɗin waje a farashin gwamnati, da nufin ƙarfafa masana'antun cikin gida, kafin ya janye matakin a watan Oktoban 2023. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, duk mai gini ya san yadda farashin kwali ɗaya ya tashi.

To amma ko na waje ne ko na gida, zanen da ke jikinsa ɗaya ne: kwaikwayon dutsen marmara na Italiya, ko kwaikwayon katakon da ba ya tsirowa a dajinmu. Muna da farar ƙasa a Ƙanƙara, muna da ma'adinan da ake haɗa tayil da su a Kogi da wasu jihohin, amma ko da aka sarrafa su a gida, fuskar wasu ake ɗora musu. Haka kuma, a wuraren gini da dama a Abuja, idan ana son aikin tayil mai kyau sai ka ji an ce a nemo 'yan Togo ko 'yan Kwatano. Ba laifinsu ba ne, sun zauna sun koya, kuma sun cancanci abin da suke samu. Abin tambaya shi ne me ya hana samarin Kubwa da Nyanya da Mararraba, waɗanda ke tsaye a bakin titi da shebur tun asuba suna jiran motar da za ta ɗauke su aikin lebura, samun wanda zai koya musu.

Ga kuma asarar da ke biyo baya. Ƙa'idar da masu aikin tayil ke bi ita ce a ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna, saboda yanka da fashewa. Ke nan gidan da ya ci murabba'in mita 200 na tayil zai iya barin rarar da ta kusa murabba'in mita 20, wadda ta isa ta rufe bangon bayan murhu a kicin goma. Wani kaso na wannan rara ana tsince shi a buhu a sayar wa masu daɓe tsakar gida ko bakin shago, inda ake watsa shi barkatai ba tsari. Sauran ya bi tifa zuwa juji, ko a cike rami da shi. Abu ne da aka gasa da wutar da ta haura digiri 1,000, ba ya ruɓewa, ba ya jin ruwa, launinsa ba ya kodewa, an kuma biya kuɗinsa da na dakonsa. Mu kuwa muna zubarwa.

Yadda aikin yake

Don kada maganar ta zama ta fatar baki, ya kamata a faɗi yadda ake yi, domin sauƙinsa na cikin hujjata. Ana farawa da takarda. A auna wurin, a shimfiɗa takarda ko kwali daidai girmansa a ƙasa, a zana abin da ake so da layuka masu kauri. Zane mai sauƙi ya fi kyau a ƙaramin wuri: dagi ɗaya a tsakiya daidai saman murhu da launi ɗaya a kewaye, ko jerin kusurwoyi irin na bakin tabarma da faifai, ko zanen da ke jikin ƙwarya, ko askar da ake yi wa babbar riga. Launi 3 ko 4 sun wadatar. Wanda ya zuba duk launin da ya samu, kasuwa zai yi ba ado ba.

Sai tara kayan. Muhimmin abu shi ne kaurin gutsattsarin ya zo ɗaya, domin tayil na bango ya fi na ƙasa siranta, idan aka gauraya su fuskar aikin za ta yi tudu da kwari, maiƙo ya sami wurin maƙalewa. Tayil na bango ya fi daɗin yanka. Ana nannaɗe shi a tsohon buhu a buga da guduma, sannan a gyara bakinsa da filayar yankan tayil, a goge kaifin da dutse. Dole a sa tabarau da safar hannu. Idan za a yi amfani da injin yanka, a riƙa zuba ruwa a kuma rufe hanci, domin ƙurar tayil na ɗauke da sinadarin silika mai lalata huhu, cutar da ba ta da magani idan ta kama mutum.

Kafin a taɓa bango, a jera gutsattsarin duka a kan takardar nan a ƙasa, a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 a tsakaninsu, a tsaya daga nesa a duba. A nan ake gyara, ba bayan siminti ya kama ba. Bangon kuma a wanke shi da sabulu a cire maiƙo, a kankare fentin da ke ɓarewa, a bar shi ya bushe. A yi amfani da simintin liƙa tayil na musamman da ake sayarwa a buhu, a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, a shafa wurin da bai fi faɗin faranti ba a lokaci guda, a fara da babban zanen sannan a cike kewaye. Bayan kowane ɗan lokaci a ɗora katako mai santsi a danna a hankali don fuskar ta daidaita. A bar shi aƙalla sa'o'i 24. Daga nan a kwaɓa abin cike tsakani, a cusa shi cikin kowace kafa, a share da jiƙaƙƙen soso kafin ya ƙanƙare, in ya bushe a goge da busasshen ƙyalle. Inda bango ya haɗu da teburin girki a toshe da silikon don kada ruwa ya shiga. Mutum biyu masu haƙuri za su iya gama murabba'in mita 2 cikin 'yan kwanaki.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce ana fama da kuɗin shinkafa da na gas, wa ke ta adon kicin? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce wa magidancin da bai biya kuɗin makaranta ba ya je ya sayi simintin tayil. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, rufe bangon bayan murhu ba ƙawa ba ce zalla. Bangon da ba a rufe ba yana shan ruwa da mai, fenti ya ɓare, filasta ta ruɓe, kyankyasai su sami mafaka, a dawo ana gyara duk shekara. Na biyu, a wannan aiki kayan kusan kyauta ne, abin da ake biya shi ne hannu. A ƙasar da kayan waje suka yi tsada kuma matasa ke zaune ba aiki, irin adon da ya dace da mu ke nan: wanda kuɗinsa ke tafiya aljihun maƙwabci maimakon ya tsallaka teku. Kakanninmu da suka yi zane a bangon ƙasa ba su fi mu kuɗi ba.

Za a ce mafi yawan mazauna Abuja 'yan haya ne, kuma babu mai zuba guminsa a bangon da za a iya ba shi takardar tashi daga gare shi a ƙarshen shekara. Gaskiya ne. Mafita ita ce a yi aikin a kan allon siminti, a ɗaure shi da kusoshi a bango, ranar tashi a kwance a tafi da shi kamar yadda ake tafiya da gado. Kada a yi a kan katako kusa da wuta. Wannan ma ya fi zama sana'a, domin ana iya yin allunan a shago a Dei-Dei ko Kugbo, a jera su mai saye ya zaɓa. Me zai hana su shiga cikin kayan ɗakin amarya, su zama jeren wannan zamani?

Za a ce mozayik na da layukan tsakani da yawa, kuma a nan datti ke taruwa. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa soya manja ya san farin siminti ba ya daɗewa fari. Babban tayil mai santsi ya fi sauƙin gogewa, babu musu. Sai dai akwai dabara: a zaɓi abin cike tsakani mai duhu, ruwan toka ko ruwan ƙasa, a shafa masa maganin hana shan ruwa, wanda ke da hali ya yi amfani da na ifoksi wanda mai ba ya ratsa shi. A daidai bayan murhu a sa gutsattsari manya, a bar ƙananan su tafi gefe. Inda ake girki da itace ko gawayi a cikin ɗaki kuwa, hayaƙi zai rufe kowane irin ado, kuma matsalar wurin ta huhun mai girki ce kafin ta bango.

Za a ce kuma fasasshen tayil alamar talauci ce, abin da ake daɓe bakin shagon mai shayi da shi. Wannan ita ce ainihin cutar. Attajirin da zai ji kunyar a ce bangonsa da rarar tayil aka yi, shi ne zai ɗauki hoto a kan bencin Basalona ya aiko wa abokai. Bambancin tarkace da ado ba a kayan yake ba, a tsarin yake. Kuma tun da zanen gargajiyarmu na layuka ne da kusurwoyi da ƙulli, ba na surar mutum ba, babu gidan da zai sami abin ƙi a cikinsa ta fuskar addini.

Akwai wata matsalar da masu suka ba su cika ambata ba, alhali ita ke kashe sana'ar tun kafin ta tashi. Ana biyan mai aikin tayil ne da murabba'in mita. Wanda zai iya shimfiɗa falo guda a yini biyu ba zai yarda ya ɓata kwana huɗu a kan murabba'in mita 2 a farashi ɗaya ba, kuma yana da gaskiya. Matuƙar ba mu koyi biyan aikin ado da kuɗin ado ba, kamar yadda muke bambanta ɗinkin keke da aikin hannu a wuyan riga, babu gwanin da zai fito.

Wa ya kamata ya motsa

Na farko masu gidaje, musamman maza da ke riƙe da kuɗin gini. Kafin a ƙara fitila ta goma sha biyu a silin falo, a tambayi wadda za ta yi shekaru tana tsaye a kicin me take so ta riƙa gani. A gidaje da yawa ana zaɓar komai na kicin ba tare da an ji ta bakinta ba, sai ranar tarewa ta gani. Ɗakin da ke ciyar da gida bai kamata ya zama ɗakin da aka fi rainawa ba.

Na biyu kamfanonin da ke gina rukunin gidaje. Wanda ke gina gida 100 iri ɗaya yana tara rarar tayil tuli. Ya ware wuri a tara ta bisa launi da kauri, ya ɗauki matasa kaɗan, maza da mata, a koya musu a kan gidajen farko. Zai rage kuɗin kwashe shara, zai kuma sami abin da zai bambanta gidajensa da na maƙwabcinsa, a birnin da rukunin gidaje suka yi kama da juna har mutum kan ɓata a layinsu.

Na uku cibiyoyin horo. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, da Hukumar Ilimin Fasaha ta NBTE da ke Kaduna, da sashen da ke koyar da aikin tangaran a Jami'ar Ahmadu Bello, duk suna da hurumi a nan. Kwas na watanni kaɗan a kan liƙa tayil, da darasin zanen gargajiya a cikinsa, ba ya buƙatar injina masu tsada. Ya kamata a nemi sauran tsofaffin maginan Zariya da Kano da suka san sunan kowane zane da yadda ake fitar da shi, a zaunar da su gaban ɗalibai tun suna raye.

Na huɗu Hukumar Birnin Tarayya. Tana gina makarantu da asibitoci da kasuwanni da tashoshin mota, duk da bangaye tsirara. Da za ta ware ɗan ƙaramin kaso na kowace kwangila don adon da 'yan ƙasa suka yi, ta kuma ba matan Ushafa da Bwari da Kwali odar ƙananan tayil na yumɓu da za a riƙa sakawa a tsakiyar zane, da ta samar musu da kasuwar da ta fi jiran baƙi masu yawon buɗe ido. Tayil ɗin yumɓu da aka gasa da kyau aka shafa masa ruwan ƙyalli ba sabon ilimi ba ne a wannan yanki. An yi abin da ya fi shi wuya a Suleja shekaru 70 da suka wuce.

An mayar da mazaunin gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamban 1991. Yaran da aka haifa a shekarar sun zama iyaye, suna neman gidajen kansu. Birni ba ya samun kamanninsa daga manyan gine-ginen gwamnati kaɗai. Yana samunsu daga dubban ƙananan zaɓuɓɓukan da mazaunansa ke yi a cikin gidajensu. Fas ta zama Fas ne saboda talaka da basarake sun yarda bangonsu ya yi magana da harshen garin. Ba sai mun jira an gina mana gidan tarihi ba. Rarar tayil na nan a bayan kowane sabon gini, samari na nan a bakin titi, zanen na nan a jikin ƙwarya da tabarma da wuyan riga. Da yayyafi kogi kan cika, kuma murabba'in mita 2 ba su fi ƙarfin gida ba.